Gidan da Aka Nuna Ranar Asabar

Ranar da saurayin ya fara shigowa ofishinsu, kallo ɗaya Zuma ta yi masa ta gane irinsa. Riga a goge, takalmi a wanke, ido cike da buri, irin samarin nan da suka gaji da ɗaki ɗaya a birni suka fara mafarkin tsakar gida da bishiya. A ranta ta ce, ga wani ya kawo kansa. A fili kuwa ta miƙe da fara'a ta ja masa kujera.

Ba a banza abokan aiki suke ce mata Zuma ba. Dillaliyar gidaje ce, bakinta yakan sayar da kango mai saye ya tafi yana godiya. Rabonta a kamfanin shi ne gidajen garuruwan da ke gefen birni, inda mutane suke kwana, gari na wayewa su kwasa a guje su tafi birni aiki. Kuma duk ofishin babu wanda ya raina garuruwan nan kamarta. Da mai saye ya juya baya sai ta taɓe baki ta ce wani ya je ya kama gado a garin barci.

Shi kuwa saurayin aikinsa gwada ido da haɗa tabarau a wani babban shago a tsakiyar birni. Ba likita ba ne, amma nan take ta liƙa masa Likita, don ta lura duk wanda aka ƙara wa girma yana saurin sa hannu. Ya gyara mata, ta sake, ya ƙara gyarawa, ta sake, ya haƙura.

Ya ce bai yi aure ba tukuna, amma yana so gida ya riga matar zuwa. A ɗakin bene ya tashi, inda mahaifiyarsa take shanya a taga, yaro in ya yi gudu na ƙasa ya buga silin da sanda. Shi dai so yake 'ya'yansa su samu inda za su yi tsalle ba wanda ya ce musu kul.

“Ai ka zo inda ya dace, Likita,” in ji ta. “Asabar da hantsi kana da lokaci?”

To, a nan dabarar take. Duk dillalin da ya san aikinsa ba ya kai mutum ganin gidan gefen birni sai Asabar da hantsi, lokacin da titi yake fayau, masu zuwa aiki suna gida suna ramuwar barci. Haka aka koya mata, haka take yi, ko a jikinta.

Asabar ta ɗauke shi a motar kamfani. Suka bi hanya sumul, tana nuna masa agogo tana cewa ya gani da idonsa, rabin awa ce ƙofa zuwa ƙofa. Garin kuwa, kai, abin ba a cewa komai. Gidaje iri ɗaya a jere kamar an zubo su daga kwali, kowace unguwa da suna mai daɗi a allo, a ce lambu kaza, tafki kaza, alhali lambun ciyawa ce da ta ƙi fitowa, tafkin kuwa kwatami ne da aka yi wa shinge. Zuma ta yabe su ɗaya bayan ɗaya ba tare da muryarta ta yi rawa ba.

Gidan da ta nuna masa yana da ɗakuna uku da 'yar tsakar gida da wata 'yar bishiya da aka ɗaure da sanda don kar ta faɗi. Ya tsaya a tsakiyar filin ya buɗe hannuwa yana juyawa kamar yaro. Ganin ya kusa faɗawa, sai ta sako masa maganar da take rufe ciniki da ita, wadda ta faɗa wa mutanen da ba ta san iyakarsu ba.

“Wallahi ni kaina da zan samu, nan zan zauna.”

Ya juyo ya dube ta, irin duban da ba na mai sayen gida ba. Ya ce zai yi shawara. A hanyar dawowa ya tambaye ta tun yaushe take ƙanƙance ido in za ta karanta allon titi. Ta ce idonta garau yake. Ya ce to me aka rubuta a wancan? Ita kuwa baƙi-baƙi kawai take gani.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

“Malama Zuma, gida dai ina nazari. Amma idonki ba ya jiran nazari. Ki zo shago, gwaji kyauta ne ga duk wadda ta tuƙa ni lafiya ba tana ganin hanya ba.”

Ta yi tsaki, ta ce ji wani iyayi. Ta kuma je.

A ɗan ɗakin gwajin ya zaunar da ita, ya sa mata wani ƙaton firam mai nauyi yana canza gilasai yana tambaya, wannan ko wannan? Da ya dace da na daidai, fuskarsa ce ta fara fitowa tar a gabanta, har da ɗan tabon da ke gefen girarsa. Ta ce ashe haka yake, da ta sani da ta zauna a yadda take. Ya yi dariya har ya dafa tebur. Daga ranar ba ta ƙara samun sukuni ba.

Soyayya ta kankama. Yana zuwa ɗaukarta in an tashi, su zauna a wani ɗan wurin shan shayi su yi ta musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yana ce mata Hasken Idona, tana ce masa ai tallan shagonsu yake yi. Maganar gida kuwa ta mance da ita sam, don ya daina tayarwa, ita kuma ta ɗauka Allah ya tsare shi.

Wata rana da safe ta tarar da saƙo.

“Hasken Idona, jiya na gwada idon mutane da yawa, babu wanda na so ya daɗe a kujerar. Ki ci abinci kafin ki fara yi wa mutane daɗin baki. Ina da magana da ke yau, ki zo da tabaranki don ki gan ni da kyau.”

Ta amsa: “Likitana, in maganar mai tsawo ce ka haɗo da shayi. In mai nauyi ce ka haɗo da kujera.”

Maganar aure ce, kuma ta amsa tun bai rufe baki ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya ajiye mukullin gidan da ta nuna masa a gabanta. Ya ce ta wajen wani abokin aikinta ya kammala cinikin don kar ta sani. Tun ranar da ta tsaya a tsakar gidan ta ce nan za ta zauna da za ta samu, ya ƙudurta a ransa sai ta samu. Duk Asabar yana can yana fenti da hannunsa.

Ta ajiye kofin shayin. Ta yi murmushi, don murmushi sana'arta ce.

Abin da Likita bai sani ba, a irin garin nan aka haifi Zuma. Abbanta ma'aikaci ne a birni, ya sayi gida mai tsakar gida don 'ya'yansa su wala. Yana fita suna barci, yana dawowa sun yi barci. Ta san takalminsa a bakin ƙofa fiye da yadda ta san fuskarsa. Ranar hutu kuwa a kujera yake wuni, baki buɗe, Umma tana korarsu waje kar su tashe shi. Har ta gama firamare in malami ya ce a zana uba, mutum take zanawa a kwance. Sai da ya yi ritaya Umma ta tasa shi gaba suka sayar da gidan suka dawo wani matsattsen gidan bene a birni. Zuma ta rantse tun tana yarinya ɗanta ba zai tashi yana gaida takalmi ba.

Ta yi niyyar faɗa masa, sai dai ta ina za ta fara? Ta ce masa gidan da ya zuba guminsa a ciki ita ta yaudare shi ya saya? Kullum sai ta ce gobe. Shi kuma bawan Allah, da yake Asabar kawai yake zuwa, har yanzu yana nan a kan rabin awarsa.

Umma ce ta fara tayar da ƙura. Da ta ji inda za a kai 'yarta, ta ajiye abin da ke hannunta ta yi wata dariya mara daɗi. Ta ce ita da ta yi shekaru tana renon yara ita kaɗai da miji a raye, ita za a zo a yi wa tallan iska mai kyau? Iskar za a aura? Ta ce yaron dai ba laifi, yana da ladabi, amma duk namijin da ya rasa inda zai ajiye mace sai ƙarshen layin jirgin ƙasa, to bai shirya zama da ita ba, ajiya yake nema. Abba yana zaune a baranda da rediyonsa.

Ga kuma Manaja, shugaban su Zuma a ofis, tuzuru mai turaren da yake riga shi shiga ɗaki. Ya daɗe yana zagayen neman Zuma, yana kai wa Umma gaisuwa da ledoji, yana ambaton gidansa da ke hawa na can sama a tsakiyar birni sau uku a kowace hira. Bai taɓa ambaton cewa lif ɗin da ke hawa da mutane sama ya fi kwana a lalace ba. Umma dai ta ce ko ba komai shi ana ganinsa da rana.

Da Manaja ya ga takardun cinikin ya haɗa da labarin auren, sai ya jira. Ranar da Likita ya zo ɗaukarta, ya fito daga ofishinsa yana washe baki, ya kama hannunsa ya ƙi saki.

“Angon garin barci! Ka taɓa gwada hanyar nan ranar Litinin kuwa? Tambayi amarya, ita ta raɗa wa garin suna. Cewa take ko gawarta aka kai can sai ta tashi ta nemi motar dawowa.”

'Yan ofis suka sunkuyar da kai suna danne dariya, don kowa ya sha jin ta faɗa. Likita ya zare hannunsa a hankali ya fita. Ta bi shi har bakin titi.

“Rabin awa kika ce.”

“Ranar Asabar,” ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

“Da kika ce nan za ki zauna da za ki samu fa?”

“Kowa nake faɗa wa.”

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallonta. “To sauran maganganun da kika faɗa mini, su ma kowa kike faɗa wa?”

Bai jira amsa ba ya wuce. Ta kira bai ɗauka ba, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Mai bakin da ke sayar da kango ta rasa kalma ɗaya da za ta sayar da gaskiyarta. Manaja kuwa ya dinga shawagi a gaban teburinta yana tambaya ko tana bukatar a rage mata hanya. Ta ce masa ta gode, ƙafarta ba ta lalace kamar lif ba.

Bayan kwanaki saƙo ya shigo ranar Litinin da hantsi.

“Jiya na kwana a gidan, yau na taho aiki daga can. Na fito da duhu, na iso an riga an buɗe shago. Kin yi gaskiya da kika raina shi, ni ne ban yi tambaya ba. In kina so a sayar, ki sa shi a kasuwa, kin fi kowa iyawa. Abu ɗaya nake roƙo, kar ki nuna wa kowa shi ranar Asabar.”

Babu Hasken Idona, babu komai. Ta karanta ta kifa wayar, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Da aka tashi aiki ba ta nufi gida ba, tashar jirgin ƙasa ta nufa. Shekarunta nawa tana tura mutane garin nan, ba ta taɓa bin hanyar a ranar aiki ba. Aka tura ta cikin tarago kamar kaya. Babu wurin zama, babu wurin juyawa, jakar wani a haƙarƙarinta, numfashin wani a ƙeyarta. Ta fara kallonsu da rainin da ta saba, ji mutane da hankalinsu sun zaɓi wannan azaba.

Kusa da ita wani magidanci ne riƙe da ƙarfen sama, yana barci a tsaye. A ɗaya hannun yana riƙe da leda, ƙananan takalman yara a ciki, sababbi. Duk sanda jirgi ya yi girgiza sai ya farka a firgice, ya duba ledar, ya ƙara ƙanƙame ta, ya koma. Zuma ta kasa ɗauke ido daga kansa. Ita duk rayuwarta ta ɗauka Abba hanya ya fi so a kansu. Ba ta taɓa tambayar kanta yadda yake isowa ƙofar da yake cire takalmin ba. Hawaye ya zubo mata, ga shi babu hannun sharewa.

Sanda suka isa gari ya riga ya yi duhu. Tana sauka, gyale a karkace, ƙafa a kumbure, sai ga Likita ya fito daga taragon gaba, rigarsa a yamutse kamar an tauna. Suka tsaya suna kallon juna.

“Kin zo duba kayan sayarwa?” in ji shi.

“Na zo in ga abin da na sayar maka.”

Suka zauna a bencin tasha. A nan ta faɗa masa komai, takalmin bakin ƙofa, mutumin da take zanawa a kwance, rantsuwar da ta yi. Ta ce ƙaryar hanya ta yi ta, ta gida ma ta yi ta, kuma ba ta da abin kare kanta. Amma maganar da ta faɗa masa a wurin shan shayi ba ta taɓa faɗa wa wani mahaluki ba.

“Ba gidan nake tsoro ba, Likitana. Tsoro nake in haifa maka yaran da za su san ka a hoto.”

Jirgin ya juya ya tafi. Sannan ya ce shi ma wautarsa ce, ya zaɓi gari da ido, ya auna ɗakuna, ya auna tsakar gida, bai auna lokacin da zai riƙa shigowa cikinta ba. Ya ce amma a 'yan kwanakin nan ya zaga garin, ko shagon tabarau ɗaya babu, tsofaffi sai sun bi wannan jirgin kafin a duba musu ido. Akwai wani ɗan shago a bayan tasha da ba kowa, shi yake so ya kama. Abin da zai samu ba zai kai rabin na inda yake ba, kuma sai ya ci gaba da shiga birni wasu ranaku kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Ta ce kamfaninsu ma yana da reshe a nan, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara, inda ake jefa wanda aka gaji da shi. Ba wanda ya taɓa neman a kai shi da kansa, amma ita za ta nema.

“Za ki iya? Ke da ko gawarki…”

“Kar ka ƙarasa,” ta ce, tana dariya tana share ido. “Garin nan dai muni gare shi, ba zan fasa faɗa ba.”

“Ki yi ta faɗa, Hasken Idona, in dai a cikinsa za ki riƙa faɗa mini.”

Manaja ya sa hannu a takardar canjin wurin aiki har da fito, ya ce ta gaida masa kwatami. Umma kuwa ta ce abin ya wuce wauta ya zama ciwo, mutum biyu da aikinsu a birni su tattara su koma inda ko asibitin kirki babu. Ranar da Likita ya zo gaishe su ta amsa masa a daƙile, ta fara jero masa abin da ta gani a irin garin, tun daga famfon da ba ya kawo ruwa har maƙwabtan da ba a sanin sunansu.

Sai Abba ya kashe rediyo. Ya shigo daga baranda ya zauna, abin da bai saba ba in ana irin wannan magana. Bai tambayi albashi ba, bai tambayi girman gida ba.

“Yaro, yaushe za ka riƙa dawowa gida?”

“Kafin rana ta faɗi, Abba. Ranar da zan shiga birni kuma Zuma tana nan kusa da gida.”

Abba ya daɗe yana kallon hannuwansa. Ya ce shi ma ya taɓa sayen tsakar gida, amma bai san ta da rana ba sai da ya zo nuna wa wanda zai saye ta. Ya dubi Umma ya ce laifin ba na garin ba ne kaɗai, ta bar yara su gwada abin da shi bai yi dabararsa ba. Umma ta ja tsaki ta tashi ta shiga kicin, amma da ta fito da kofin shayi huɗu ta fito.

Aka ɗaura aure ba da wani dogon shagali ba. Dangin birni suka rako amarya suna taɓe baki tun daga tasha, wannan ta ce ina kasuwar, waccan ta ce ko network ɗin waya ma a gajiye yake isowa. Amarya ta taya su, don ta fi su sanin inda aibin yake. Umma ta zaga ɗakunan tana shafa fentin ango tana cewa bai iya ba, sannan ta rungume 'yarta ta yi ta kuka tana sa mata albarka.

Abba bai yi doguwar magana a ranar ba. Sai bayan mako biyu, ranar wata Talata da la'asar, suka ji sallamarsa a ƙofa, shi kaɗai, ba tare da ya sanar ba. Ya ce zuwa ya yi ya gani da idonsa. Ya tarar da Likita ya dawo daga shago yana wanke hannu a famfon tsakar gida, Zuma tana tsaye a kansa tana yi masa tsiyar ya jiƙa mata silifa, ga rana ba ta ko yi ja ba.

Ya ƙi shiga falo. Aka kawo masa kujera nan waje ya zauna yana kallonsu, har Zuma ta tsargu ta zo ta durƙusa a gefensa. Ya ɗora hannu a kanta.

“Allah ya yi muku albarka,” in ji shi. “Allah ya ba ku 'ya'ya masu albarka, ya sa su gan ku har su gaji da ganinku.”

Likita ya ce amin. Zuma kuwa ta kama hannun Abbanta ta riƙe da hannu biyu.